Wuƙar Malam da Zakaran Mijina

Tun da muka kama haya a Ƙofar Kaura, mijina bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba. Mu kaɗai ne Kirista a layin, kuma da Sallah kwanukan tuwo da nama kan cika mana ɗaki har mu rasa wurin sa ƙafa. To, ranar namu bikin sai mu ci mu kaɗai? Cikin maƙwabta akwai mai cin yankanmu, akwai wanda ba ya ci, ni kuwa ba na son kowa ya karɓi kwanona da shakka a ransa. Shi ya sa Malam, dattijo mai wankin hula da muke katanga ɗaya da shi, yake yi mana yanka. Yakan shigo da wuƙarsa naɗe cikin tsumma, mijina ya riƙe ƙafafu, Malam yana tsokanarsa wai malamin makaranta guda amma ɗan akuya na neman kayar da shi.

A shekarar da soja suka koma bariki, Malam ya rasu da damina. Mun ji mutuwar nan sosai. Ranar da muka rasa 'yarmu ta goye, shi ya fara shigowa, ya zauna da mijina a ƙofar gida har yamma.

Kirsimeti ta matso, ɗan akuya na ɗaure a tsakar gida, amma babu wanda ya iya ɗauko zancen wa zai yanka. Mijina ya manna kunne a rediyo yana gardama da sababbin 'yan majalisa kamar suna jin sa. Ni kuma ina fama da cincin da ɗinkin yara.

Ranar jajibiri na dawo daga kasuwa na tarar da babban ɗanmu tsaye da jini a wando, bakinsa har kunne. Ya zo hutu daga makarantar kwana da ɗan gashi a haɓa, ya ga ya isa. Ashe ya yanka ɗan akuyan da kansa, wai ya hutar da Babansa. Na dire kayan miya na wanke shi tas da faɗa. Ina da zafi, kowa ya sani, amma da na ga ya zagaya bayan madafa ya haɗa kai da gwiwa, sai zuciyata ta karye. Alheri ya nufa.

Mijina ya kawo shawara irin ta 'yan siyasarsa: a dafa, a raba, a yi shiru, wa zai sani? Na ce ni na sani, Allah ma ya sani. Ya koma wa rediyonsa. Sayen wani ɗan akuya kuwa ba a ma maganarsa. Abin da ke ci na a rai Inna ce, matar Malam, da ba ta daɗe da fita takaba ba. Idan kwanona bai shiga gidanta bana ba, za ta ɗauka an binne zumuncin tare da mijinta.

Muna cikin haka aka yi sallama. Ɗan Malam ne, tela, mutumin da magana ke yi wa wuya. A hannunsa ga tsumman nan da na sani.

“Inna ta ce in taho in yi maku yanka,” in ji shi. “Ta ce kada a ce don Baba ba ya nan.”

Sai idonsa ya faɗa kan fatar ɗan akuyan da aka shanya. Ni kuma idona ya faɗa kan jan zakaran mijina, wanda yake ba dawa da hannunsa, yana kiwo abinsa a bakin rijiya. Mijina ya fara cewa ai wannan na iri ne. Na kalle shi sau ɗaya, ya tashi ya kamo shi da kansa.

Na kira ɗana na ce ya zo ya riƙe. Ya fito da jajayen idanu ya durƙusa. Ɗan Malam ya warware tsumma, ya dube shi ya ce, “Riƙe da kyau hwa, kada ka yi irin ta babanka.” Mijina ya fashe da dariya, daga nan ya cire hula ya rufe fuska.

Washegari bayan mun taso daga coci, zakara ɗaya ya zagaye layin nan, miya kogi, nama sai an lalubo. Mu kuwa muka yi ta cin akuya har yara suka fara roƙon wake.

Da la'asar Inna ta dawo da kwano da kanta, ba ta aiko jika ba. Rabonta da gidanmu tun Malam na da rai. Ta ce zakaran nan ya tsufa, ya kusa cire mata haƙori, amma ta cinye rabonta. Sannan ta kama hannuna.

“Ɗiyata, baɗi ki ɓoye wa yaron nan wuƙa har mu iso.”

Muka yi ta dariya muna share ido da bakin zane. Na zuba mata cincin a kwanon, na raka ta har ƙofar gidanta.