Malam Ilu Meteyo da Iskar Canal Street

Duk wanda ya taɓa kasa kaya tare da mu a Canal Street ba zai manta da sallamar Malam Ilu ba. Kafin ya ce maka "ina kwana" sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya lumshe ido kamar likita na sauraren ƙirji, sannan ya yanke wa ranar hukunci. Mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, laima da huluna yake sayarwa, teburinsa na jikin nawa. 'Yan Nijar suka laƙaba masa Meteyo, wato mai hasashen yanayi, ya kuwa karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ran Lahadi ba ya fitowa kasuwa. Jirgin ruwan nan na kyauta yake shiga zuwa Staten Island, ya hau wani tudu mai kallon teku, wai nan iska ke fara sauka kafin ta shigo gari. Na ce, "Malam, ga shi nan a waya, har ƙarfinta ana faɗa." Ya harare ni. "Bakano, wayarka ta taɓa jin sanyi?"

Matsalar ɗaya ce: ba ya dacewa! Wata Litinin ya rantse mana cewa iska ta kwanta sai mako mai zuwa. Kafin azahar hulunansa na tsakiyar titi, motoci na bi ta kai, shi da babbar riga yana bin su da gudu. Da ya dawo yana haki muka ce, "Meteyo, yaya haka?" Ya karkaɗe wata hula ya ce, "Wagga ba tamu ba ce. Baƙuwa ce daga New Jersey."

Wani karon kuma guguwa ya yi mana alkawari. Hajiya Rabi mai jakunkuna ta tattara kayanta ta koma Bronx tun da hantsi. Ranar ko ganye bai motsa ba, kwastomomi kamar a ture su. Washegari ta tsaya masa a ka, hannu a ƙugu. "To, ina guguwar taka?" Ko a jikinsa. "Hajiya, ta ji kin shirya mata ne, ta fasa. Ai godiya za ki yi mini."

Akwai Baturen da ya dawo masa da laima, iska ta juye ta kamar kwando. Malam Ilu ya duba ta sama da ƙasa, ya ce in fassara wa Baturen: laimar ruwa ya saya, ta iska ba ta iso ba tukuna.

Sai dai akwai hasashen da yanzu ba ya ba ni dariya. Yana da yaya a Tawa, Inna Hajo, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kullum ta kira sai ta ce, "Ilu, zo in gan ka." Shi kuma kullum amsa ɗaya: iskar kan teku ba ta yi kyau ba bana, jirgi zai sha wuya, a bari ta lafa. Har tikiti ɗansa ya saya masa, shi kuwa ya sa aka ɗaga tafiyar. Ashe tsoron jirgin sama yake, tun zuwansa na farko.

Yana nan yana jiran iska aka bugo cewa Inna Hajo ta rasu. Muka je masa gaisuwa a Harlem. Wani dattijo, don ya ɗan sassauta masa, ya ce, "Meteyo, yaya iskar yau?" Idonsa na kan kafet ya ce, "Lafiya lau take. Bara ma lafiya lau take."

Bai sake hawa tudun ba, kuma bai daɗe ba shi ma ya bi ta. A nan muka binne shi, nesa da ita.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Ganawar da ba su samu ba a duniya, Allah ya haɗa su a Aljanna.