Malam Ilu Bai Taɓa Jan Mu Salla Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar malamina, Malam Ilu, kuma har yau in na shiga gaba zan ta da kabbara sai ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu da ke kusa da Dangora babu wanda ya kama ƙafarsa a karatu. Shi ya koya mana komai, tun daga alwala har rabon gado. Sai dai shi ɗan mahauta ne, mu kuwa gidanmu ne gidan limanci kaka da kakanni. Mutane kan kawo masa rigimar gona ya warware, amma bin sa salla, a'a. Wai hannun da ya saba da jini ba ya jan jama'a, alhali rabonsa da wuƙar fawa tun yana yaro.

Na taɓa tambayarsa mafarin wannan bambanci. Ya yi dariya, ya ce kakanmu ya riga nasu isowa ne kawai, ya sari daji ya kafa masallaci. Nasu ya zo ya tarar an gama rabon gonaki, ya kama sana'ar da ta saura. Sauran zancen duk jikoki ne suka ƙara masa gishiri.

Ranar da ciwo ya kwantar da mahaifina, aka ta da iƙamar magariba, babu wanda ya shiga gaba. Kowa ya san wanda ya dace. Sai wani dattijo ya tura ni gaba yana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Na waiwaya na dubi Malam.

"Shiga, Sani, ina bayanka," ya ce a hankali.

Na shiga. Ban yi nisa da sura ba na kakare, shi ya ɗora ni. Da a ranar na ja hannunsa na ce shi ya fi cancanta, ba na jin akwai mai musa mini a ɗakin Allah. Ban yi ba. Daɗin girma ya ruɗe ni, na ci gaba da jan sa shekara ashirin, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba.

Da Malam zai leƙo yau, zai ga wani jikan mahauta da cinikin masara ya karɓa ana shimfiɗa masa darduma a sahun farko. Ina jin zai murmusa ya ce an gudu ba a tsira ba: a da asali ake tambaya, yanzu aljihu.

Malam bai bar gona ba, bai bar sarauta ba. Ya bar karatu, duk harafin da na furta a masallacin nan nasa ne. Sau ɗaya tak garinmu ya yarda ya sa Malam Ilu a gaban liman, ranar kuwa a cikin likkafani yake. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.