Shanu Ɗari Tara da Casa'in da Tara

A Barkiya, wani ƙauye a ƙasar Kurfi, ba a tambayar mutum yawan shanunsa. In ka tambaya, sai ya ce "Alhamdu lillahi" ya kau da kai, don gudun bakin mutane. Lokacin da na je ƙauyen binciken digirina daga jami'ar Dutsin-Ma, duk magidancin da ya ba ni wannan amsa sai in rubuta masa 999. Na kuma saita manhajar lissafina ta san cewa lambar tana nufin babu amsa.

Akwai wani malami a sashenmu da ya raina manhajar nan. Ya karɓi bayanan a filash, ya zuba su cikin tasa, wai ita manya ke aiki da ita. Bai tambaye ni komai ba. Tasa kuwa ta ɗauki 999 a matsayin shanu masu ƙaho da kofato.

Ranar gabatar da sakamako, malamin ya miƙe gaban jama'a, ya haska nasa kusa da nawa a bango.

"Kun ga bambancin," in ji shi. "Ko dai ba ta iya aikin ba, ko a ɗaki ta zauna ta cike takardun."

Raina ya ɓaci. Mutumin da bai taɓa taka hanyar Kurfi ba, shi ke kira na maƙaryaciya.

Na ce, "Malam, duba layi na bakwai. Dattijon da ke layin nan, shanu biyu na gani a turkensa. Tunda ka rubuta masa ɗari tara da casa'in da tara, sai ka kai masa cikon."