Hannun Malam a Cinyar Manomin Salka

Shekara hamsin ke nan da rasuwar maigidana, malamin asibiti a Kontagora, wanda Allah ya yi wa cikawa ana gab da ba mu Jihar Neja. Bai taɓa zama gaban talabijin ba. Ni kuwa yanzu jikokina sun koya mini kallon wani wasan asibiti, duk sanda aka turo majinyaci a guje sai in ce ko me Malam zai ce.

Makon jiya an nuna mutumin da zuciyarsa ta tsaya. Suka ɗora masa wasu ƙarafa a ƙirji, lantarki ya girgiza shi, ya farfaɗo. Na san Malam ba zai ƙaryata ba. Kujera zai jawo kusa, ya tambayi yadda ake wanke ƙarafan, da abin da ake yi in an ɗauke wuta.

Na tuna wata rana da hantsi aka kawo wani manomi asibitinsu daga Salka, san noma ya soke shi a cinya, jini na tsartuwa. Likita ya tafi rangadi. Malam ya cusa auduga cikin raunin, ya danne da hannun dama, ya ce a ɗora su a motar hatsi zuwa inda likitan yake. Manomin ba ya jin Hausa sosai, sai Malam ya yi ta jansa da hira da guntun Kambarcinsa don kada ya suma. Bai ɗaga hannun ba sai bayan la'asar, a gaban likita.

Da ya dawo gida yatsunsa sun sandare, ya kasa yanka loma. Na ce, "Malam, ya rayu?"

Ya ce, "Har ya zage ni, wai Kambarcina ba daɗi. Ba ni tuwon a baki."

Irin wannan jiran ne ban taɓa gani a wasan ba, komai cikin minti biyu ake gama shi. Ko Malam zai yi wa likitocin wasan dariya ne, ko zai yi sha'awar kayan aikinsu? Ina jin duka biyun.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya, jikokina ba su san fuskarsa ba. Amma manomin ya haifi 'ya'ya shida bayan wannan rana, kuma har yau in jikokinsa suka shigo kasuwa, sai sun biyo sun gaishe ni. Allah ya jiƙan Malam.