Damin Geron Da Aka Aje Bakin Ƙofa

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Idi Fatoma, mai masaukin nan na hanyar tafki a Madarumfa. Na so in rubuta yabo bana, kunya ta hana ni.

Zaurensa ba shi da ƙyaure. Direba daga Ɗan Issa, ɗan kasuwa daga Katsina, manomin ƙauye mai bin addinin kakanni, duk tabarma guda. Mai salla ya yi sallarsa, wanda ba ya yi ya jira shi, a ci tuwo tare. Baba kan ce baƙo raɓa ne, ba a tambayarsa dalilin sauka.

Bayansa damina ta cinye ɗakunan. Bara mu ƴaƴansa muka tayar da gidan: siminti, fenti, fanka, ƙofar ƙarfe, har da mai gadi. Muka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, muna ta hura hanci wai mun raya gado.

Akwai wani tsoho, Baba Nomau na wajen Gabi. Wata shekarar yunwa mahaifinmu ya sauke shi da iyalinsa har ruwa ya zuba. Tun daga nan, kowace kaka damin geronsa na farko gidanmu yake zuwa. Ashe ko da gidan yake kango bai fasa ba, maƙwabta yake ba, ya ce a yi wa mamaci sadaka. Mu da ke Maradi ko labari.

Watan jiya tsohon ya iso da amalanke. Mai gadi ya dubi ƙafarsa, ya ce nan otal ne, ba a shiga sai mai kama ɗaki. Ban ga laifin mai gadi ba, wallahi. Dokar mu muka ba shi.

Da Baba zai leƙo yau, ban ce zai ƙi fankar ba, mutum ne mai son iska. Amma zai tambayi inda amalanke ke tsayawa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Abin da ya saura na Baba yana hannun tsohon nan, mu suna kawai muka riƙe. Ya aje daminsa bakin ƙofa, ya bar saƙo:

"Gaya wa ƴaƴan Idi na zo gaida gida, na iske ya tashi. In sun san inda ya koma, su aiko mini."

Allah ya jiƙan Baba. Har yau ban sami abin aika wa tsohon nan ba.