Allolin Girkawa a Bakin Hajja Kulu

A unguwar Harra ta Gabas na tashi, cikin gidan baƙin dutse. Lokacin sanyi, bayan magariba, kakata Hajja Kulu takan hura gawayi a saman soro, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Labaranta na Girkawa ne. Da suna tahowa Makka a ƙafa, ta yi wankau a Sudan, gidan wani Bagirke mai kanti, matarsa ce ta cika mata kunne da su. Babana ya ce shirka ce. Ta ce masa ba bauta musu take yi ba, asirinsu take tonawa.

Wanda ya zauna mini a rai shi ne na wani jarumi. Allan teku ya so shi, ya ba shi mashi, ya yi ta cin yaƙi, sunan allan teku na ɗaukaka. Allan iska ya ji haushi, amma bai isa ya taɓa ɗan'uwansa allan teku ba. Sai ya rikiɗa ya zama tsoho, ya je wurin biki, ya yi ta zuga jarumin har ya faɗa da bakinsa cewa ƙarfin damtsensa ne, ba mashin kowa ba. Allan teku ya ji, ya janye hannunsa. Jirgin jarumi ya kife. Allolin nan biyu kuwa suka shirya, suka ci abinci tare.

Na tambaye ta me jarumin ya yi wa allan iska.

Ta ce, "Ba komai, ya waladi, yarona. Shi ne dai a kusa."

Da na girma na yi dako a rumbun dabino na wasu 'yan'uwa biyu da ba sa jituwa. Babban ya yarda da ni, ya ba ni mabuɗi. Sai ƙaramin ya fara jana a jiki, yana cewa ai ni ke riƙe da wurin, yayansa bai san komai ba, ko ba haka ba? Ina da yara da tsohuwa, aikin nan kaɗai ke ci da mu. Na ce masa ni ɗaukar kaya na sani. Ya koma kan direban rumbun. Direba ya ji daɗi, ya amsa. Maganar ta kai kunnen babban, aka kori direban. 'Yan'uwan biyu kuwa har yau sahu ɗaya suke salla.

Wataƙila wasu da suka yabe ni daga baya da gaske suke, na kuma rasa su. Ban sani ba. Ni dai in aka yabe ni, waiwayawa nake yi in ga wa ake so ya ji.