Hannun Ɗiyata Bai Kai Kunne Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni baduku ne a Ƙofar Marke, ina ɗinka takalma da jakunkuna, gajere kamar turmi, ga baki kamar rediyo. Karatun bokona duka kwana tara ne. Rana ta goma malami ya ɗauko bulala, na bi ta taga, ban sake komawa ba. Duk da haka biro biyu nake sokawa a aljihun gaba, domin zamanin kuɗin mai ne, kowa so yake a ɗauka ma'aikaci ne.

Ɗiyata ta fari ita ta kwaso gajartata, amma kan ba nawa ba ne. Da tsofaffin jaridu nake fitar da samfurin takalmi, ita kuwa kullum tana rumfata. Wani tsohon akawu da ke zuwa hira ya riƙa nuna mata baƙaƙe don wasa. Kafin ta cika shekara biyar ban isa in sa wuƙa a jarida ba sai ta gama karantawa. Ranar kasuwa ta tsaya tana karanto rubutun bayan motoci, ni kuwa in gyaɗa kai kamar ina duba mata.

Da gwamnatin soja ta buɗe firamare kyauta ga kowa, yarinyar nan ta hana mu shan ruwa sai na kai ta. To, a lokacin ba mu da takardar haihuwa. Yaro zai ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kai, ya isa shiga aji. In bai kai ba, sai baɗi. Ɗiyata ta miƙa, ta ƙara miƙawa, saura kamar yatsa biyu. Malamin da ke rubuta sunaye ya ce mu dawo wata shekara. Kwana uku tana zama bakin zaure tana kallon 'yan makaranta suna wucewa, ko kuka ba ta yi, abinci kawai ta daina ci.

Nan ne na tafka wautar da ta sa na rubuto muku. Maimakon in koma in ce musu yarinyar nan ta iya karatu, sai na ce ai ni baduku ne, na san yadda fata ke miƙewa. Kullum da safe in ɗaga ta ta kama reshen dogon yaro, ta yi lilo har in ƙirga ashirin. Na shafa mata man shanu a kafaɗa. Na sa aka tsefe mata kitso don kan ya rage tudu. Na koya mata karkata wuya kaɗan yadda ba za a gane ba. Uwarta ta ce in na ɓalla mata ɗiya, da ƙotar fartanya za ta auna nawa hannun. Ban ji ba, har sai da yarinyar ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kwano. Wannan har yau in na tuna dariyata takan tsaya.

Da kafaɗar ta warke na canza hula, na sa mata wani zane, muka bi layin wani malami daban. Ta ɗora hannu, ta karkata wuya, saura ƙiris. Ni kuwa daga bayanta na sa ɗan yatsa na turo kunnen sama. Ashe malamin farko yana tsaye gefena. Ya ce hular dai sabuwa ce, amma gajartar ya gane ta. Iyayen yara suka kwashe da dariya, aka tasa mu zuwa ofishin hedimasta.

Hedimasta dattijo ne mai farin gemu. Ya dubi birona biyu, ya miƙo mini wata takarda ya ce in karanta dokar da kaina. Na karɓa na riƙe, na ce hasken ɗakin bai ishe ni ba. Sai ɗiyata ta juya mini takardar, don a kife na riƙe ta, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ɗago ta ce, "Baba, ka gaya musu na iya mana."

Dattijon nan ya miƙe. Ya ɗauko littafin 'yan aji uku ya ba ta, ta karanta shafi guda, ya tambaye ta abin da ta gane, ta faɗa masa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam baduku, mi ya hana ka faɗin wagga magana tun ranar farko?" Na ce, ranka ya daɗe, na ɗauka boko da hannu ake auna shi. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya yanke cewa ta zauna aji ɗaya tare da ƙanana don lissafi da wasa, lokacin karatu kuma a riƙa kai ta aji uku. Har bulo aka ajiye mata don ƙafarta ba ta kai ƙasa a benci.

Abin da na koya shi ne, kunya ce ta hana ni magana. Ina tsoron in buɗe baki gaban 'yan boko su gane ban san komai ba, sai na zaɓi dabara, yarinya ta sha wahalar. Iyaye, in Allah ya ba ku yaro da ya wuce sa'o'insa, ku je ku faɗa wa malamai kai tsaye, ku ce su gwada shi da littafi. Ko ba ku iya karatu ba, kun fi kowa sanin ɗanku.

Ita ta koya mini rubutun da nake yi muku yanzu, in kun ga kuskure ku tuhumi malamata. Ta yi shekaru tana koyarwa har ta yi ritaya, tana da jikoki, kuma har yau gajera ce. Duk ranar da ta zo gaishe ni, sai ta tsaya bakin ƙofa, ta ɗora hannu bisa kai ta kama kunne, ta tambaye ni ko ta isa shiga.